Kujerar Alhaji a Zoben Benzin

Abu biyu ne ba na iya haƙuri da su: a taɓa mini ɗaliba, ko a raina mini alli. Alhaji Babayo ya haɗa mini su duka a zama ɗaya, yana shan kunun gyaɗa, ko ƙwarewa bai yi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa a unguwar Federal Low-Cost da ke Gombe. Tare suka yi aikin gwamnati da marigayi babana, Lazarus, shi Alhaji a ɓangaren harhaɗa magunguna har ya yi ritaya. Ya san ni tun ina yawo ba takalmi, don haka duk da kowa a gari Malama Millicent yake ce mini, a bakinsa har gobe Milli ce. Ina koyar da kemistiri a wata makarantar share fagen shiga jami'a da ke unguwar Arawa, autarsa Najeeba kuma a ajina take. Tunda na fara riƙe alli ban ga kai irin na yarinyar nan ba. Burinta ɗaya, ta gaji ubanta a harhaɗa magunguna. Lokacin zaɓen kwas ya ƙarato, sai ta same ni a bayan aji idonta jawur, wai Abba ya ce ba za ta yi ba.

Da yamma na zaga gidan. Na same shi a kan tabarma a gindin darbejiya.

"Baba Alhaji, ka ga makin yarinyar nan kuwa?"

"Na gani. Ƙwaƙwalwa ai gado ce, ba abin mamaki." Ya kurɓi kunu. "Baki ne ba ta da shi."

"Baki kuma? Magani za ta haɗa ko waƙa za ta yi?"

"Milli, zauna ki ji. Mai harhaɗa magani shi ne ƙofar ƙarshe tsakanin alƙalamin likita da bakin mara lafiya. Ina saurayi, wani babban likita da a haife ya haife ni ya rubuta wa jariri awon babba. Gajiya ce, ba mugunta ba. Na taka har ofishinsa, na ce ranka ya daɗe ba zan bayar ba. Ya zage ni tas, sannan ya duba ya gyara. To ita wannan, in na ce mata yau Talata alhali Laraba ce, sai ta ce to Abba. Ranar da mai furfura ya yi kuskure, to za ta ce, a ɗauki gawa."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannu.

"Ta yi malanta irin taki. Can ko an yi kuskure ba a zuwa maƙabarta."

Raina ya ɓaci, ɓacin da sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Abin da ya fi ƙona ni, tsohon bai yi ƙarya ba game da yarinyar. Najeeba ce mai keke ya taɓa wucewa da ita har unguwar Barunde, don kawai dattijo ne ta kasa ce masa ya tsaya. A takarda ba mai kama ƙafarta, amma a gaban babba sai ka rantse kurma ce. Na yi masa sallama a daƙile na koma gida, na kasa cin tuwo. Kafin in wanke kwanon da ban ci ba, dabara ta faɗo mini, irin wadda mai hankali ba zai yi ba.

Sai na ɗan yi bayanin yadda nake koyarwa, in ba haka ba ba za a gane ɓarnar ba. Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji na kirki, kuma ko da akwai, ba zan ba yara benzin da asid su ƙona mini kansu ba. Kujerun roba nake amfani da su. Benzin zobe ne mai gurbi shida, kowane gurbi da haidirojin ɗaya a zaune. Sai in jera kujeru shida a da'ira, in zaunar da ɗalibai shida, su ne haidirojin. In baƙon sinadari zai shiga, ɗaya ya tashi ya ba shi kujera. Baƙo na farko duk inda ya zauna daidai ne, kujerun duk ɗaya suke. Rigimar tana kan na biyu, domin wanda ya riga zama shi ke nuna wa na baya wuri. Bromin mai son jama'a ne: in shi ya fara, na biyu ko dai ya zauna a gefensa, wato orto, ko ya fuskance shi daga ɗaya ɓangaren, wato para. Naitiro kuwa 'yar miskila ce, ba ta son maƙwabci, ba ta son mai kallon ta ido cikin ido. Sai an tsallake kujera ɗaya, shi ake kira meta. Saboda haka in an ce ka haɗa zoben da bromin da naitiro suke a meta, dole naitiro ta riga zama, bromin ya jira a waje komai girmansa.

Ranar iyaye ta kusa, ranar da kowane aji ke nuna abin da ya koya. Na samu mai makarantar, Hajiya Nana Hadiza, mace mai kirki wadda in ta ga babbar riga hankalinta ke barin jikinta.

"Hajiya, me zai hana mu sa Alhaji Babayo a cikin wasan ajinmu? Tsohon ma'aikaci, ga shi uban ɗaliba."

"Kai, Millicent, Allah ya yi miki albarka! A ɗauke shi hoto ma mu sa a kalanda."

Najeeba kuma na ce mata ita za ta jagoranci wasan, aikin da za ta haɗa shi ne meta, ni ce naitiro, kuma da zarar na rataya kwalin sunan sinadarin a wuya ba zan ƙara cewa uffan ba, sinadari ba ya magana. Ta tambaye ni wa zai zama bromin. Na ce Allah zai kawo.

Ranar ta zo da zafin nan na Gombe mai sa kujerar roba ta yi laushi. An kafa rumfuna a fili, iyaye sun cika, ana ta fifita da takardar tsarin taro, lasifika na kuka kamar an taka wutsiyar mage. 'Yan ajin lissafi suka yi nasu, aka tafa musu don tausayi. Aka kira mu. Na rubuta aikin da manyan baƙaƙe a allo, yara shida suka zauna a da'ira, Najeeba ta karɓi makirfo da hannu biyu. Sai Hajiya ta miƙe ta sanar, murya har rawa take don daɗi, cewa babban baƙonmu Alhaji Babayo ya amince zai zama bromin.

Na ga lokacin da jini ya bar fuskar Najeeba.

Alhaji ya taso cikin farar babbar riga ta sha guga, na rataya masa kwalinsa, na rataya nawa. Ya tsaya ya karanta allon a hankali. Mutumin da ya ci abinci da kemistiri tsawon rayuwarsa ai ba sai an fassara masa meta ba. Ya dube ni ta saman tabarau, gefen bakinsa ya motsa. Ya gane tarkon, kuma maimakon ya kauce, sai ya nufi kujerun yana taku ɗaiɗai.

Abin da na lissafa shi ya faru, har ya zarce. Yaran nan da na kwashe makonni ina koya musu cewa haidirojin ba ya tashi sai an tashe shi, suna ganin dattijo ya doso su a tsaye, tarbiyya ta ci kemistiri da yaƙi. Duka shidan suka miƙe zumbur, kowa na tura masa kujerarsa.

"Bismillah Alhaji, bismillah!" in ji Hajiya. "Haba, ya za a bar ka a tsaye a rana?"

"Useko, useko," in ji shi, godiya da Fulatanci. Ya zaɓi ɗaya, ya tattara riga ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sauran biyar suka koma suka ɗosana. Iyaye suka ɗau tafi, don a ganinsu an fara da kyau.

Najeeba ta yi tsaye. Makirfo na bakinta, ba abin da ke fita sai numfashi. Shirun ya yi tsawo har wani jariri ya samu damar yin kuka a ji shi.

"To, malama ƙarama," in ji Alhaji, "ina za a ajiye Milli? Allo ya ce a tsallake ɗaya, ko ba haka ba? Ga kujera nan." Ya nuna ta da sandarsa. "Zaunar da ita a wuce wurin, jama'a na jin yunwa."

"Ƙwarai kuwa," in ji Hajiya. "Najeeba, yi yadda Abbanki ya ce."

A nan ne tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Ban yi zaton tsohon zai kai nan ba. Ya shimfiɗa mata hanya mai santsi: ta zaunar da ni a inda ya nuna, hoton ya yi daidai da allo, a tafa, a tashi. A duk filin nan mutum uku ne kawai za su san ƙarya aka yi, ni da ita da shi. Kuma shi ɗin ne mai yanke hukunci. Na tsaya da kwali a wuya ina zufa, ina ce wa kaina Millicent, kin ɗebo da zafi, amma ba bakinki za ki ƙona ba, na 'yar mutane ne.

Najeeba ta dubi kujerar, ta dube ni. Na kafe idona a kan rumfa.

"Anti ba za ta iya zama a nan ba," ta ce. Da ba don makirfo ba, ko na kusa da ita ba zai ji ba.

"Me ya hana?" in ji Alhaji.

Ba ta dube shi ba, iyaye ta fuskanta, kanta a ƙasa. "Bromin ne ya riga shiga. In shi ya riga, naitiro sai dai gefensa ko gabansa. Mafi yawa gabansa take zuwa, don gefen da matsi." Ta zo ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau, ta tashi yaron da ke fuskantar Alhaji, ta zaunar da ni. "Wannan para ne. Ba shi aka ce mu haɗa ba."

Hajiya ta fara murza zoben hannunta.

"To a gyara mana, 'yata," ta ce. "Millicent ta matsa kujera ɗaya, shi ke nan."

"Ba ya gyaruwa, Hajiya. In sun kama zobe ba sa matsawa. Wannan tukunyar ta riga ta lalace."

"In ta lalace ya ake yi?" Alhaji ne ya tambaya, murya a sanyaye kamar bai sani ba.

"Zubarwa ake yi, a ɗauko sabon benzin."

"A zubar da wa da wa?"

"Da duk abin da ke ciki, Abba."

Wata mata a baya ce ta fara fashewa, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka. Maza na dukan cinya, wani ya ce a kawo kwandon shara babba. Ni ma na so in yi dariya, sai na tuna ina cikin tukunyar.

Najeeba ba ta yi dariya ba. Ban san daga ina ƙarfin ya zo mata ba, wataƙila wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Ta sa aka kwaso wasu kujeru shida, har da na malamai, aka jera sabuwar da'ira a gefe. Ta kira wasu 'yan ajin shida suka zauna. Ta zo ta ce, "Sorry Anti," ta zare kwalin daga wuyana, ta juya tana neman sabuwar naitiro. Idonta ya sauka a kan Hajiya. Kafin baiwar Allah ta gama cewa wai ni, an rataya mata.

Aka bar ni da Alhaji a tsohuwar da'ira muna kallon juna, da yara huɗu da ba su san ko su tashi ko su zauna ba.

"Aikinki ne wannan," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Baba Alhaji, sinadari ba ya magana."

"An cire miki kwalin ai."

"Kai naka yana nan, ga shi kana yi."

Can kuma Najeeba na ta bayani, muryar ta fara fitowa. Ta ce za a haɗa asid ɗin naitirik da na salfiyurik, a ɗan ɗumama, naitiro ta shiga. Ta tashi yarinya ɗaya, Hajiya ta zauna a ɗarare tana gyara mayafi. Sannan ta ce saura bromin, tare da gishirin ƙarfen da ke zuga shi. Ta saci kallon inda muke.

"Ai kun zubar da ni," in ji Alhaji.

"In za ka zo a matsayin sabo daga kwalba, Abba, bismillah."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya gyara hula, ya karkaɗe riga, ya duba agogo, ya tambayi yaron da ke gefensa ɗan gidan wane ne. Najeeba ta jira, ta jira, sannan ta juya ga iyaye.

"Dama haka yake yi. In naitiro ta riga zama, bromin ba ya shiga da sauri, sai an ƙara wuta."

Aka sake kwashewa. Alhaji ya miƙe yana girgiza kai, ya dogara sanda ya nufi sabuwar da'ira. Na ɗauka an gama. Ashe tsohon da sauran guzurinsa. Ya wuce kujerar da ta dace kamar bai gan ta ba, ya zagaya ya tsaya a kan wadda ke fuskantar Hajiya. Yarinyar da ke kai, Hikima, 'yar gidan tarbiyya ce ita ma, tuni ta fara ɗaga jiki.

"Hikima, zauna!"

Lasifikar ma sai da ta yi ƙara. Hikima ta koma daɓas. Ni kaina na zabura, don ban taɓa jin muryar Najeeba ta kai haka ba.

"Ni nan nake so," in ji Alhaji. "Nan ne da inuwa."

Najeeba ta matso har gabansa. Ta rusuna, yadda ta saba, amma wannan karon ta ɗago kai ta dube shi.

"A'a, Abba. Ba nan ba."

"Ni da kuɗina na saya miki littafin da kika karanta wannan a ciki."

"Shi ya sa. Naitiro ba ta ba da nan. Ko ka tsallake ɗaya, ko ka tsaya a waje."

Suka tsaya suna kallon juna. Ba wanda ya yi dariya a lokacin, har mai zoɓo ta dakata da zubawa. Sannan Alhaji ya juya, ya koma baya kujera ɗaya. Najeeba ta yi wa yaron da ke kai alama, ya tashi, Alhaji ya zauna a tsakiyar rana.

"To, an zaunar da mu. Mene ne sunanmu?"

"Ɗaya-bromo, uku-naitirobenzin."

"Ɗaya wa?"

"Bromo, Abba. Wajen zama naitiro ce gaba, amma wajen suna bin haruffa ake yi, kai ne na ɗaya."

"Kun ji ko?" Ya juya ga jama'a yana ɗaga sanda. "A rubuta, ni ne na ɗaya. Hajiya, ki yi haƙuri da uku."

Aka tafa har rumfa na girgiza. Hajiya ta ma manta da mai hoto. Ni ina zaune a cikin zubabbiyar tukunyata, ba wanda ya tuna ya tashe ni, kuma ban damu ba, don tafin ba shi nake jira ba. Bakin Alhaji nake kallo.

Bai tashi daga kujerar ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya miƙa hannu ya karɓi makirfon daga hannun 'yarsa, ya kashe shi, ya ajiye a cinya. Na jawo kujerata kusa ba kunya, ai da ni aka fara.

"Na ji wannan," ya ce mata. "Ni ubanki ne, kin san ba zan cinye ki ba. Da likita ne fa? Babba, mai furfura, mai tsawa, ga layin marasa lafiya suna kallo?"

Najeeba ta share zufa da bakin hijabi.

"Shi ai da sauƙi, Abba."

"Da sauƙi?"

"Shi ba sai na nemo masa sababbin kujeru ba. Kai ne ban iya ce wa tashi ba."

Alhaji ya cire tabarau ya shiga goge su da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, alhali ba abin da ya same su. Ni kuwa daɗi ya hana ni tsokanarsa, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Da ya mayar da tabarau, bai dube ni ba, ita ya duba.

"Farin kot ɗina na aiki yana nan a ƙasan akwati," ya ce. "Ki ce wa mahaifiyarki ta fito da shi a wanke. Zai yi miki yawa, sai a rage hannun."